Filin Tambaya da Amsa: Tsoffin Itatuwan Tuffa na Turawa da Mangwaron Garkar Gado

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan mujalla. Ni dattijo ne mazaunin Sakkwato, kuma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana garka a bakin Gulbin Rima ta wajen Kwalkwalawa, wadda shi ma a hannun mahaifinsa ya gaje ta. Akwai tsoffin bishiyoyin mangwaro 11 a cikinta, da tsamiya biyu, da 'yan magarya a kan iyaka. Mangwaron sun tsufa, 'ya'yansu sun ragu, inuwarsu kuma ta hana a noma albasa a kusan rabin wurin, shi ya sa ƙannena suka kawo shawarar a sare su a sayar da itacen, a dasa sababbi masu aure, wani ma ya ce a gwada tuffa tun da tana da tsada a kasuwa. Da na gaya wa ɗana da ke karatu a Amurka, sai ya turo mini hotunan wata tsohuwar gonar tuffa da ya ziyarta, ta wani gidan gona da aka kafa fiye da shekara 100 da suka wuce. Gidan ya rushe, amma itatuwan suna nan, wasu duk kogo, an rataya wa kowanne allon suna, kuma ya ce har daga nesa mutane ke zuwa karɓar rassansu. Ya roƙe ni kada mu sare namu. Gaskiya ni ma akwai guda ɗaya kusa da rijiya da ba na son a taɓa, wadda muke kira "ta Inna", domin 'ya'yanta ƙanana ne amma ba su da zare, kuma ban taɓa cin mai ƙamshinsu a wani wuri ba. Malam, me Turawa suka gani a tsoffin itatuwan da ba su da wani amfanin kirki? Mu kuma me ya kamata mu yi da namu?

Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara haɗa kan zuri'a. An saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, to amma a wannan karon ina ganin ɗanka ya hango wani abu, kuma zan fara da tambayarka ta farko domin rabin amsar ta biyu yana cikinta.

Tuffa tana da wata ɗabi'a da duk manominta ya sani, wato ƙwayarta ba ta gadon uwa. Idan mutum ya ci tuffa mai zaƙi ya shuka ƙwayoyi biyar da ya samu a cikinta, bishiyoyi biyar mabambanta ne za su fito, kuma galibi 'ya'yansu ƙanana ne masu tsami ko bauri. Dalili shi ne furen mafi yawan tuffa ba ya karɓar garin furen irinsa, sai ƙudan zuma ya ɗauko masa na wata bishiya dabam, saboda haka kowace ƙwaya gauraye ce ta iyaye biyu, kuma babu mai iya cewa ga abin da za ta haifar. Hanyar da aka dogara da ita wajen riƙe iri mai kyau ita ce aure, a yanko reshe daga bishiyar da ake so a haɗa shi da gindin wata ƙaramar bishiya har su manne su zama ɗaya. Ke nan duk tuffar da ake kira da suna guda a faɗin duniya reshe ce ta bishiya ɗaya tak da ta taɓa tsirowa a bayan gidan wani. Koriyar nan mai ɗan tsami da yara ke tallarta a faranti a bakin Babbar Kasuwa, wadda ake kira Granny Smith, daga wata bishiya ta fito da ta tsiro a gonar wata tsohuwa mai suna Maria Ann Smith kusa da birnin Sidni na Ostareliya a 1868, kuma tun daga lokacin hannu da hannu ake miƙa reshenta. Idan bishiyar ƙarshe ta wani iri ta mutu ba a yi mata aure ba, irin ya tafi ke nan, ko da an tara ƙwayoyinta cike da buhu.

Asalin tuffa ba na Turai ba ne, balle Amurka. Kakarta tana nan har yau a dazuzzukan duwatsun Tiyan Shan na ƙasar Kazakistan, a kewayen birnin Almati, wanda ake danganta sunansa da kalmar tuffa a harshen mutanen wurin. Fatake ne suka bi da ita ta hanyoyin ciniki zuwa Farisa da ƙasashen Rum, sannan Turawan da suka yi ƙaura suka tsallaka da ita Amurka a ƙarni na 17. A can ta zama abin da ake kafa gida da shi. Tun a 1792 wani kamfanin rabon filaye a yankin Ohayo ya gindaya wa duk mai son eka 100 sharaɗin ya dasa tuffa 50 cikin shekara uku, domin wanda ya dasa abin da sai bayan shekaru zai ci amfaninsa ya nuna cewa zama ya zo yi. A 1862 kuma shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba duk wanda ya cika sharuɗɗa eka 160, wato kimanin hekta 65, muddin ya gina gida ya noma wurin tsawon shekara 5. Ya kamata a faɗa cewa filayen nan na mutanen asalin ƙasar ne da aka kora, ba dajin da ba shi da mai shi ba. Ina kyautata zaton gonar da ɗanka ya gani tana cikin irin waɗannan gidajen gona.

Magidancin wancan zamani bai dasa iri ɗaya ba, kamar yadda manomin kirki a nan ba ya dogara da gero kaɗai. Yana buƙatar tuffar da ke nuna da wuri don yara su ci, da wadda ake yankawa a shanya, da mai taurin ɓawo da za ta kai ƙarshen sanyi a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ba ta ruɓe ba, da wadda ake dafawa, da mai tsamin da ake matsewa a yi khal, kuma gaskiyar magana kaso mai yawa giya ake yi da shi. Da yawa daga cikinsu ƙwaya suka shuka saboda ta fi sauƙin ɗauka a doguwar tafiya, kuma daga cikin dubban bishiyoyi marasa daɗi akan dace da guda mai kyau, sai a raɗa mata sunan mai gona ko na ƙauye, maƙwabta su zo roƙon reshe. Ta haka Amurka ta tara dubban ire-ire. Daga baya jirgin ƙasa da ɗakunan sanyi da manyan kantuna suka zo, kasuwa ta ce ita ja take so, mai girma ɗaya, mai jure tafiya, matasa suka koma birane, gidajen gona suka zama kufai, ire-ire masu yawa suka ɓace ba tare da kowa ya lura ba.

Labarin jar tuffar da ake kira Red Delicious ya isa misali. Wani manomi a jihar Ayowa mai suna Jesse Hiatt ya ga tsiro ya fito a wajen layin gonarsa, ya sare shi sau biyu yana sake tohowa, a karo na uku ya ƙyale shi. 'Ya'yan da ya haifa masu zane-zanen ja da rawaya ne kuma masu daɗi, har wani kamfanin dashe ya sayi irin a farkon shekarun 1890. Shekara da shekaru masu gonaki suka dinga zaɓar rassan da suka fi ja saboda idon mai saye, har aka wayi gari kyan ya ƙaru, ɗanɗanon ya ragu, kuma yanzu masu sha'awa tsohon irin na farko suke nema.

Wannan ne ya haifar da masu farautar tsoffin itatuwa. Akwai wani injiniya mai ritaya a jihar Karolina ta Arewa, Tom Brown, wanda ya gano ire-ire sama da 1,000 da aka ɗauka sun ɓace, kuma babban makaminsa shi ne zama da tsofaffi yana tambayarsu wace tuffa suka ci a gidan kakanninsu, kuma ina bishiyar take. Abin da ake nema ya wuce ɗanɗano da tuna baya. Bishiyar da ta yi shekara 100 a kufai babu ban ruwa babu feshi, kuma ba ta mutu ba, tana ɗauke da juriyar fari ko ta cuta da masu binciken iri ke buƙata, ga shi kuwa da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka ne Ingila take da gonar adana iri a Brogdale mai ɗauke da nau'in tuffa sama da 2,000.

Akwai wata bishiya a garin Southwell na Ingila da labarinta ya yi kama da na "ta Inna". Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar tuffa a bayan gidansu a 1809. A 1846 wani mahauci mai suna Matthew Bramley ya sayi gidan, sannan a 1856 wani saurayi ɗan mai rainon dashe, Henry Merryweather, ya zo ya roƙi rassa, mahaucin ya yarda bisa sharaɗin a sa wa irin sunansa. Guguwa ta kayar da bishiyar a 1900, ta sake tohowa daga inda ta kwanta, ta haura shekara 200, kuma duk tuffar Bramley da mutanen Ingila ke dafawa a yau daga gare ta take. Yarinyar da ta shuka ba ta samu ko suna ba, kuma da saurayin nan bai zo da wuƙarsa ba, da labarin ya ƙare a bayan gidan mahauci. Haka kuma a birnin Vankuva na jihar Washinton ta Amurka, wata tuffa da aka shuka a 1826 ta mutu a 2020, amma da yake an daɗe ana raba wa jama'a rassanta, kuma saiwarta ta fitar da sabon tsiro, irin bai bi ta ba.

Yanzu sai mu dawo Kwalkwalawa. Ba zan ce maka kada a sare ko ɗaya ba, domin ƙannenka suna da hujja: garka ta magada ce gaba ɗaya, albasa kuwa ita ce kuɗin hannu a ƙasar Sakkwato, kuma ba kowace tsohuwar bishiya ce ke da abin adanawa ba. Shawarata ita ce a jinkirta gatari har lokacin mangwaro ɗaya ya wuce. Idan sun nuna a bazara mai zuwa, ku tara iyali a garkar, a ɗebo 'ya'yan kowace bishiya a kwarya dabam, a ɗanɗana, a sa yaro mai rubutu ya rubuta: wannan tana riga sauran nuna, wannan tana da zare, wannan tana kwana biyar ba ta lalace ba, wannan tana haihuwa kowace shekara, waccan sai ta tsallake. A kira tsoffin matan gidan da duk wani dattijo da ya yi aiki a garkar, a tambaye su wa ya dasa, daga ina ya kawo, kuma me ake kiranta, domin sunaye irin su binta siga da faparanda da bakin aku a bakin mutane suke, ba a takarda ba, kuma tsohon da ya sani ba zai dawwama ba. Zai yiwu ku tarar cewa bakwai daga cikin 11 iri ɗaya ne da ake samu a kowace garka, waɗannan ko an rage su ba a yi asara ba.

Ga wani gwaji mai sauƙi da za ka yi wa "ta Inna" da hannunka. Ka shanya ƙwallonta kwana biyu, ka fasa ɓawon a hankali da wuƙa, ka duba ƙwayar da ke ciki. Idan ka gan ta rabe-rabe, gutsattsari da yawa manne da juna, to irin da ƙwallo ɗaya ke fitar da tsiro uku ko huɗu ne, kuma mafi yawan tsiron nan kwafin uwa ne, haka galibin mangwaronmu na gargajiya yake. Idan kuwa ƙwaya ce guda mai ɓari biyu sumul, kamar ta ire-iren mangwaron da ake kira Julie ko Kent, to halinta irin na tuffa ne, shuka ƙwallonta ba zai dawo maka da ita ba. Yadda ka siffanta ta, marar zare mai ƙamshi a tsakiyar masu zare, ya sa nake zargin ita kaɗai ce irinta, don haka ko me gwajin ya nuna, aure ya fi tabbas.

Aikin ba shi da wuya, kuma masu rainon dashe a Sakkwato sun iya shi. A shuka ƙwallayen mangwaron gargajiya a leda tun bana, a raine su har kaurinsu ya kai na fensir, abin da kan ɗauki wata 6 zuwa shekara. Da farkon damina, lokacin da iska ta yi laushi, a zaɓi lafiyayyun kawunan rassa a jikin uwar, masu kauri daidai da na dashen, a tsinke ganyensu a bar su a jikin bishiya kamar mako guda har idanunsu su kumbura. Ranar aure a yanko reshen da tsawon tafin hannu, a fere gindinsa gefe biyu kamar bakin gatari, a datse kan dashen a tsaga shi, a cusa reshen yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo aƙalla ta gefe ɗaya, a naɗe da leda tamau, a ajiye a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku wanda ya kama zai fara toho. Kada a yi guda biyu a ce an gama, a yi goma ko fiye, domin wasu ba za su kama ba, akuya kuma za ta ci rabonta. Mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4. Idan sun kafu, ka rarraba wa ƙannenka da 'ya'yanka mata da ke gidajen aure, domin irin da ke wuri ɗaya ambaliya ɗaya ta Rima ta isa ta share shi.

Su kuma tsoffin da za a bari, a cire musu kauci da busassun rassa, a duba gindinsu saboda gara, a rage tsayinsu bayan an gama cin 'ya'ya, amma a raba aikin shekara biyu ko uku, kada a aske bishiya tas a rana ɗaya a zafin Sakkwato. Wannan rage rassa zai buɗe wa albasa rana. Bishiyar da gindinta ke da ƙarfi amma 'ya'yanta ba su da daɗi ana iya datse manyan rassanta a ɗaura wa sabon tohon reshen "ta Inna" ko na irin zamani da ƙannenka ke so, kuma za ta riga sabon dashe haihuwa saboda saiwarta ta riga ta kai ruwa. Batun dasa tuffa kuwa, ga amsarsa a wasiƙar da ke biye.

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Jikata ta shuka ƙwayoyin tuffar da muka saya a cikin tsohon bokiti, biyu sun tsiro har sun kai kamu ɗaya, kullum tana ba su ruwa tana tambayata yaushe za mu ci. Shin tuffa tana yi a Sakkwato, ko in fara ba ta haƙuri?

Daga wata kaka a unguwar Mabera, Sakkwato.

Amsa:

Hajiya, Allah ya raya jika, ya sa hannunta ya zama mai albarka. Ki bar ta ta ci gaba da ban ruwa, amma kada ki yi mata alkawarin 'ya'ya. Tuffa bishiyar ƙasar sanyi ce, tana zubar da ganye ta yi barci, kuma yawancin ire-irenta ba sa farkawa su yi fure yadda ya kamata sai sun tara awa 800 zuwa 1,000 a sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Hunturunmu da muke rawar ɗari a cikinsa yawanci a wajen digiri 15 yake tsayawa da dare, a watan Afrilu kuma zafi yana haura 40. Ga kuma matsalar da na bayyana a sama, cewa ƙwaya ba ta gadon uwa. Yawancin tuffar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, musamman daga Afirka ta Kudu. Akwai ire-ire masu ƙarancin buƙatar sanyi, irin su Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas, waɗanda ake dasawa tare don su yi wa juna barbara, kuma a Nijeriya inda tuffa ta fi samun yanayin da take so shi ne tuddai masu sanyi irin na Jos da Mambila. Mai sha'awa zai iya gwada guda biyu a tsakar gida, amma ba zan ba kowa shawarar ya zuba jarinsa a gonar tuffa a Sakkwato ba.

Abin da ya dace da ƙasarmu yana nan a kan iyakar garkar Baba mai wasiƙar farko, wato magarya. Akwai ingantattun ire-irenta daga Indiya, irin su Gola da Umran, masu 'ya'ya manya kamar ƙaramin ƙwai, waɗanda ake ci ɗanye suna ƙaras-ƙaras kamar tuffa, har cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa su da sunan tuffar Sahel. Ana ɗaura reshensu a kan magaryarmu ta daji, wadda saiwarta ta saba da fari da zafi, kuma sukan fara haihuwa cikin shekara ɗaya ko biyu. Suna son a rage musu rassa sosai kowace shekara bayan an tsinke 'ya'ya, a kuma lura da ƙudan da ke huda 'ya'yan itace. Ki nemi dashe mai aure a wurin masu rainon itatuwa, ko ki tura wani ya yi tambaya a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki dasa shi kusa da bokitin jikar taki, ki ce mata wannan ma nata ne.